Dandamalin Katako a Bayan Gida: Yadda Aikin Ya Kasance

Filin da ke bayan gidanmu gangare ne. Daga bakin ƙofar baya ƙasar take sauka a hankali har gindin katanga, ko kujera ka ajiye sai ƙafarta ɗaya ta riƙa lilo. Hanya biyu ce a gabana: ko in yi ciko in zuba kankare, ko in ɗaga dandamalin katako a kan ginshiƙai in bar gangaren a ƙarƙashi yadda yake. Ciko zai tare wa ruwan sama hanya ya komo da shi gindin bango, shi ya sa na zaɓi katako. Girman da na tsayar mita 8 ne a jikin bangon gida, mita 6 kuma zuwa cikin fili. Murabba'in mita 48 ke nan, ya ɗara falon cikin gida nesa ba kusa ba.

Ni ba kafinta ba ne. Na dai iya riƙon zarto da injin huji, kuma ba na ƙyashin zama in karanta abu har in gane shi. Ƙanena ne ya tsaya mini a aikin. Akwai kuma wani dattijon kafinta da ciwon gwiwa ya raba shi da hawa rufi, yakan leƙo jefi-jefi ya duba abin da muka yi, ya faɗi magana biyu ya kama gabansa.

Kafin in taɓa diga sai da na zauna da takarda da fensir na lissafa nauyin da abin zai ɗauka. Mutane da yawa ba sa damuwa da wannan, gani suke ai katako ne da 'yan kujeru. Ƙa'idar ginin gidajen zama da akasarin jihohin Amurka ke bi, wadda na jingina da ita wajen lissafi, tana so kowace murabba'in mita ta iya ɗaukar kusan kilo 195 na mutane da kaya, a ƙara kusan kilo 50 na nauyin katakon kansa. Ninka 245 sau 48, za ka tashi da abin da ya kusa tan 12. Ba kullum irin wannan nauyin zai hau ba, amma rana ɗaya tak da gida ya cika da baƙi, kowa ya tattaru a ɓangare guda, ta isa. A watan Yunin 2003 wata barandar katako ta rufta da masu liyafa a birnin Chikago, mutum 13 suka mutu. A Yunin 2015 kuma wata ta karye a Berkeley da ke jihar Kalifoniya ta kashe matasa shida, bincike ya nuna ruwa ne ya samu hanyar shiga ya ruɓar da katakan da ke riƙe da ita. Daga nan duk shawarar da zan yanke sai na yi mata tambaya biyu: ina nauyi zai sauka, kuma ina ruwa zai bi.

Shawara ta farko da waɗannan tambayoyin suka sauya mini ita ce ta haɗa dandamalin da gida. Abin da aka saba shi ne a ɗaure dogon katako a jikin bango, gefe ɗaya na dandamalin ya rataya a kansa. Hakan yana rage haƙa da yawan ginshiƙai. Sai dai a wannan mahaɗar ce dandamalai da dama ke cin amanar masu su. Wani da ƙusa kawai zai kafe katakon, ita kuwa ƙusa idan ana janta zarewa take yi sannu a hankali. Wani kuma zai ɗaure da kyau amma ya bar ruwa yana sulalewa tsakanin katako da bango, shekara da shekaru, ba mai gani, har wurin ya zama dusa. Ana iya yin haɗin daidai, da manyan notuna da faifan da ke kore ruwa daga saman katakon. Ni dai raina bai kwanta da huda bangon gidana a wurare barkatai ba. Sai na tsara dandamalin ya tsaya da ƙafafunsa, da tazarar santimita 2 zuwa 3 tsakaninsa da bango, ruwa ya wuce, iska ta wuce. Abin da hakan ya jawo mini shi ne ƙarin layi guda na ginshiƙai.

Tsarin ya fito haka: layi uku na ginshiƙai, biyar a kowane layi, goma sha biyar ke nan. Tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi mita 1.8, tsakanin layi da layi mita 2.6. Kowane layi yana ɗauke da bim guda, wato babban katakon da ke kwance a kan ginshiƙan. A kan bim ɗin katakan haƙarƙari za su kwanta a gicciye, su kuma su ɗauki falankan da ake takawa. Idan ka raba tan 12 gida 15 za ka ce kowane ginshiƙi bai wuce kilo 800 ba, amma ba haka nauyi ke rabuwa ba. Na layin tsakiya suna karɓar kaya daga gaba da baya, kowanne yana iya haura tan guda. Saboda haka na faɗaɗa gindinsu zuwa santimita 50 kowane gefe, na kuma yi bim ɗin tsakiya da katako uku a manne, na gefuna da bibbiyu.

Na kai zanen ofishin da ke ba da izinin gini, suka ce kada in zuba kankare sai an zo an ga ramukan. Na kuma nemo inda bututun ruwa da wayar lantarki suka bi ta ƙarƙashin filin, na yi musu alama da fenti. Bututun ya ratsa dab da inda rami ɗaya zai faɗa, sai muka haƙa wannan da ƙaramin shebur da hannu.

Sai awo, wanda ya fi kowane mataki cin haƙuri, ga shi kuma idan an gama ba abin nunawa sai igiya. Mun kafa turaku nesa kaɗan da kowace kusurwa, muka buga musu gajerun katakai a kwance, muka ɗaura igiyoyi a kansu. Amfanin yin haka shi ne kana iya kwance igiya ka yi haƙa, ka mayar da ita daidai inda take. Kusurwa kuwa da lissafin 3, 4, 5 ake daidaita ta: idan gefe ɗaya mita 3 ne, ɗayan mita 4, to daga ƙarshen wannan zuwa ƙarshen wancan dole ya zama mita 5 cif, in ba haka ba kusurwar ta karkace. Girman da na zaɓa ya sauƙaƙa mana, domin 6 da 8 ninkin 3 da 4 ne, daga kusurwa zuwa kishiyarta mita 10 ke nan ba ƙari ba ragi. Muka ja tef ta wannan gicciyen muka samu mita 10 da santimita 1, ta ɗayan kuma ya gaza da santimita 1.

Ƙanena ya ce, "Yaya, ai ya yi. Wa zai ga santimita biyu a fili irin wannan?"

Na ce masa a igiya ba mai gani, amma falanki na ƙarshe zai tona mana asiri, domin zai fito da faɗi a kai ɗaya, siriri a ɗayan. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aikin dai ban ba ido amana ko sau ɗaya ba. Muka riƙa gusa igiyar kaɗan-kaɗan a kan katakon, shi yana can yana riƙe da bakin tef, ni ina nan ina karantawa, har gicciyen biyu suka zo ɗaya.

Wajen daidaita tsayi ma wata tsohuwar dabara ce ta fi mana amfani: dogon tiyo mai garai-garai da aka cika da ruwa. Ka riƙe kai ɗaya a jikin alamar da ka yi a bango, abokin aikinka ya kai ɗayan duk inda ake so, ruwan da ke kai biyun a tsayi ɗaya zai tsaya. Sharaɗin kawai kada a bar kumfar iska a ciki, kuma kada wani ya taka tiyon. Alamar da muka fara da ita santimita 4 ce ƙasa da dokin ƙofa, domin ruwan da ya faɗi a kan falanki kada ya samu hanyar shiga ɗaki.

Haƙa dai haƙa ce, ba wani labari a cikinta sai ciwon baya. Abu ɗaya ne ya kamata a sani. Ƙasar da ke kusa da bangon gida yawanci ciko ce da aka mayar bayan an gama harsashi, ba ta da tauri irin na ƙasar da ba a taɓa ba. Ramuka biyar na layin da ke kusa da bango sai da muka nutsa da su har zurfin harsashin gidan, inda launin ƙasar ya sauya kuma diga ta fara tsalle. A ƙasashen da sanyi ke daskarar da ƙasa akwai ƙarin sharaɗi, dole gindin ya wuce iyakar inda ƙanƙara ke kaiwa, in ba haka ba ƙasar ta kumbura ta ɗaga ginshiƙi. Mai dubawa ya zo, ya zura sanda a gindin kowane rami, ya sa hannu ya tafi.

Kankaren mun kwaɓa shi awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Jarabar da ke kama mai kwaɓa ita ce ƙara ruwa, domin kwaɓin ya yi laushi ya zubu da sauƙi, alhali yawan ruwa rage wa kankare ƙarfi yake yi. Mun bar shi da kauri, muna zubawa muna caccaka da guntun rodi don iska ta fita. Kowane gindi mun ɗaga kansa sama da ƙasa kamar santimita 10, muka ɗan karkata samansa zuwa gefe-gefe saboda ruwa, muka dasa dogon noti a tsakiya tun kankaren yana ɗanye, a daidai mahaɗar igiyoyi. Daga nan sai rufewa da buhu da yayyafa ruwa safe da yamma. Kankare ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwar siminti da ruwa ce, kuma a kwana 28 ake auna cikar ƙarfinsa, ko da yake a mako guda yakan kai wajen kashi biyu cikin uku.

Ban binne ginshiƙi ko ɗaya a cikin kankare ba, duk da cewa hakan ya fi sauri kuma mutane da yawa haka suke yi. Katako yana bushewa ya tsuke, sai wata 'yar kafa ta buɗe tsakaninsa da kankaren, ruwa ya shiga ya kwanta, ga shi ba ta inda zai fita. Kan katako kuwa, wato inda aka yanke shi, ya fi ko'ina shan ruwa, domin ta nan jijiyoyin da bishiyar ke jan ruwa da su tun tana raye suke buɗe. Shi ya sa na sa wa kowane ginshiƙi takalmin ƙarfe da ke ɗaure a notin nan, yana ɗaga shi sama da kankare da kimanin santimita 2 da rabi. Wannan tazarar tana kuma barin mutum ya hango hanyar gara idan ta fara hawa.

Sayen katako ya ci mini yini guda cur, kuma ban yi da-na-sanin ko minti ɗaya ba. Na firam ɗin, wato ginshiƙai da bim da haƙarƙari, duka irin wanda aka dura wa magani da matsin inji ne, ba wanda aka shafa wa a sama ba. Shi ma mataki-mataki ne, akwai wanda aka yi don sama kawai, akwai wanda zai jure taɓa ƙasa, kuma akan rubuta a 'yar takardar da ke manne a kansa. Ginshiƙai da duk abin da ke kusa da ƙasa na biyun na saya musu. Kowane katako sai na ɗaga kansa na sa ido ɗaya na bi tsawonsa. Wanda ya ɗan yi doro ana iya aiki da shi, wanda ya murɗe kuwa ba abin da zai miƙar da shi, sai in tura gefe. Mai wurin ya gaji da ni, ni kuma ban fasa ba. Da aka kawo su gida a jiƙe suke sharkaf da magani, nauyi kamar me, sai muka jera su a inuwa da 'yan sanduna tsakanin kowane hawa domin iska ta ratsa.

Akwai abin da ya kamata mai sayen irin wannan katako ya sani game da ƙarfen da zai haɗa shi da shi. A da maganin da aka fi amfani da shi yana ɗauke da gubar asenik, kuma daga ƙarshen 2003 aka daina sa shi a katakon gidajen zama a Amurka. Magungunan da suka maye gurbinsa sun fi yawan jan ƙarfe, shi kuwa jan ƙarfe idan ya haɗu da danshi cin baƙin ƙarfe da alminiyam yake yi. Ƙusa ko sukuru na gama-gari zai yi tsatsa a cikin katakon ya sirance, kai kana ganin kansa lafiya lau daga waje. Don haka duk ƙarfen da ya shiga aikin nan, daga noti da washa har takalman ginshiƙai, ko dai galbanaiz ne, wato ƙarfen da aka lulluɓe da rufin hana tsatsa mai kauri, ko kuma irin ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Maganin kuma ba lallai ya kai tsakiyar katako mai kauri ba, saboda haka duk inda zarto ya ratsa sai na bi da buroshi na shafa wani. Da takunkumi a hanci muke yanka, guntayen da suka rage kuma ba a ƙona su, hayaƙinsu da tokarsu guba ne.

Ginshiƙan masu santimita 15 ne kowane gefe. Mun tsayar da su da tsawonsu, muka tokare, sannan muka bi da tiyon ruwa muka yi wa kowanne alama muka yanke. A nan na shigar da gangare kaɗan, santimita 1 a kowace mita daga bango zuwa waje. Ƙafa ba ta jin sa, amma ruwa yana bin sa.

Ranar da za mu ɗora bim dattijon nan ya zo. Ya ga ƙanena ya jingina katakon a gefen ginshiƙi yana gwada inda noti zai ratsa, sai ya ce, "Yaro, sauke. Ɗora shi a kai."

Na ce, "Baba, ai mun ga wurare da yawa an ɗaure shi a gefe, ko kuna ganin ba zai riƙe ba?"

Ya ce, "Zai riƙe, har ranar da zai daina. In ka ɗaure a gefe, notuna biyu ne ke ɗauke da kowa da kowa, katakon kuma ta wurin hujin zai tsage. In ka ɗora a kai, icce ne a kan icce har ƙasa. Noti ya hana shi gocewa kawai."

Abin da zanena ya nuna ke nan dama, amma yadda ya faɗe shi ya fi zanen shiga kai. Muka yanke wa kowane ginshiƙi kafaɗa, bim ya zauna daram a kanta, sauran tsagin ginshiƙin ya tashi ta gefensa, muka ratsa su da notuna bibbiyu masu kaurin milimita 12.

Kafin mu rufe sama sai da muka gama da ƙasa, domin daga baya sai da rarrafe. Muka kankare ciyawa, muka shimfiɗa yadin da ke hana tsiro amma yana barin ruwa ya wuce, muka zuba tsakuwa a kai.

Katakan haƙarƙari tazarar santimita 40 muka ba su, daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, layi 21 ke nan a faɗin mita 8. Da yake samun katako miƙaƙƙe mai mita 6 wuya gare shi, kowane layi guda biyu ne da suka haɗu suka wuce juna a kan bim ɗin tsakiya. Kowanne sai an duba ta ina ya yi doro a juya doron sama, nauyi zai danne shi ya miƙe. Idan ka juya shi ƙasa ka yi wa ruwa kwari da hannunka. Abin da ban ga ana yawan faɗa ba shi ne katakan da aka sayar maka a matsayin girma ɗaya ba ɗaya ba ne, wani ya fi wani da milimita 3, wani da 5. Muka ja igiya a kansu, wanda ya yi sama muka fere shi, wanda ya yi ƙasa muka saka masa 'yar ɓallin roba mai tauri a gindi. Aiki ne mai gundura, amma duk tudu da kwarin da ka bari a nan tafin ƙafa zai riƙa tuna maka da shi kullum. Muka saka gajerun katakai a tsakaninsu don kada su kwanta gefe, sannan na bi saman kowanne da tef mai danƙo mai hana ruwa. Dalili shi ne nan ne wurin da ya fi daɗewa a jiƙe, ƙarƙashin falanki, inda rana ba ta kaiwa, ga kuma ɗaruruwan hujin sukuru.

Da firam ya tsaya na hau can ƙarshe inda ya fi tsayi, na buɗe ƙafa na yi lilo hagu da dama. Abin ya amsa mini, ya yi rawa kaɗan. Dandamalin da bai jingina da gida ba dole ya yi haka, tunda ba abin da ke riƙe shi ta gefe. Muka saka katakai a karkace daga ginshiƙi zuwa bim, ta fuska biyu, muka ɗaure da noti. Na sake hawa na yi lilon, ko gezau.

Shimfiɗa falanki shi ne abin da kowa ke ɗauka shi ne aikin, maƙwabta ma sai a lokacin suka fara cewa sannu da ƙoƙari. Gaskiya shi ya fi sauƙi, gwiwa kawai yake ci. Faɗin kowane falanki santimita 14 ne, layi 41 da 'yan kai suka rufe mita 6. Sukuru biyu a duk inda falanki ya haye haƙarƙari, sun haura 1,700 ke nan. Na zaɓi sukuru a kan ƙusa saboda katako yana kumbura yana tsukewa da sauyin yanayi, wannan motsin kuwa yana turo kan ƙusa sama har ta fara kama ƙafa. Kusa da bakin falanki sai na fara huda da siririn bakin inji, in ba haka ba ya tsage.

Maganar tazara tsakanin falankai tana rikita mutane, domin za ka ji wani ya ce a manne su, wani ya ce a bar fili, kuma duka biyun suna da gaskiya. Ya danganta da danshin katakon ranar da kake kafawa. Katako ta faɗinsa yake tsukewa, ta tsawo kusan ba ya motsi. Jiƙaƙƙe idan ka manne shi zai buɗe da kansa. Busasshe idan ka manne shi zai kumbura da ruwan farko ya ture ɗan'uwansa. Namu sun sha iska sun yi rabin bushewa, sai muka yi amfani da ƙusa mai kaurin milimita 3 a matsayin ma'auni, da sa ran su buɗe zuwa 5 ko 6. Tsawon mita 8 kuma falanki biyu ne, mai mita 4.8 da mai 3.2, muna musanya su layi bayan layi domin mahaɗar kada ta jeru a wuri ɗaya. A layuka biyun da mahaɗar ke faɗawa mun ninka haƙarƙarin, kowane kai ya samu mazauninsa. Bayan kowane layi biyar sai mu auna abin da ya rage ta hagu da ta dama, idan an fara gocewa mu gyara da milimita ɗaya-ɗaya a tazarar layukan gaba. Bakunan kuwa mun bar su sun zarce yadda suka ga dama, sai da aka gama muka buga igiyar alli muka bi da zarto sau ɗaya. Falanki na ƙarshe ya fito da faɗi ɗaya daga wannan kai zuwa wancan, na kira ƙanena ya zo ya gani da idonsa.

Matakala ce ta fi ba ni tsoro, kuma ta cancanta. Daga saman falanki zuwa daɓen kankaren da muka zuba a ƙasa santimita 108 ne, na raba shida, kowane hawa 18. Faɗin wurin taku kuma 28. Akwai wani tsohon lissafi na François Blondel, masanin gini ɗan Faransa na ƙarni na 17, da ke cewa hawa biyu da taku ɗaya su tashi kusan tsawon takun mutum. Nawa ya ba da 64, daidai inda ake so. Ƙafa tana haddace tsayin hawa tun daga na farko da na biyu, idan na gaba ya bambanta ko da kaɗan ne sai tuntuɓe, shi ya sa ƙa'ida ba ta yarda bambancin ya kai santimita 1 ba. Wurin da ake yawan faɗawa shi ne gindin katakon da ke ɗauke da matakan: dole a rage masa kaurin falankin taku, in ba haka ba hawan farko ya fi sauran tsawo, na ƙarshe ya gaza. Na fara zana shi a kan kwali na gwada a wurin kafin in kusanci katako da zarto.

A ƙa'idar ginin da na bi, makarin gefe, wato shingen da ke hana mutum faɗowa, wajibi ne a duk inda dandamali ya haura santimita 76 daga ƙasa, tsayinsa kuma kada ya gaza 91. Ni na zagaye gefe uku duka, har inda bai kai hakan ba, saboda yara. Tazarar sandunan ba ta kai santimita 10 ba, domin kan ƙaramin yaro kada ya shiga. Ginshiƙan makarin su ne wurin da ake raina wa ƙarfi. Ana so saman makari ya jure turin kusan kilo 90, kuma da yake ginshiƙin dogo ne, abin da ke isa gindinsa ya ninka haka sau da yawa. Ban rage kaurin ko ɗaya ba. Kowanne ya sauka cikin firam da cikakken jikinsa, notuna biyu suka ratsa shi, da katakan tokari a bayansa da ke miƙa turin zuwa haƙarƙari na gaba.

Mai ban shafa nan da nan ba. Katakon da aka dura wa magani sai ya bushe yake karɓar mai, gwajin kuma mai sauƙi ne: ɗiga ruwa a kai, idan ya tsaya ƙwallo-ƙwallo da saura, idan ya nutse lokaci ya yi. Na zaɓi mai da ke shiga cikin katako a kan fenti ko banish da ke yin fata a sama. Fata a wurin da ake takawa, rana na duka ruwa na duka, tsagewa take yi, ruwa ya shiga ƙarƙashinta ya maƙale, sabuntawa kuma sai an kankare duka. Mai kuwa dusashewa kawai yake yi, ka wanke ka sake shafawa. Launin ma mai haske na ɗauka, domin mai duhu yana ɗaukar zafin da ba a iya taka shi ba takalmi.

Bayan wasu watanni katakon ya gama zama. Tazarar falankai ta buɗe zuwa inda na yi tsammani. Ginshiƙan sun yi dogayen tsagu a jikinsu, abin da ya tayar wa maiɗakina hankali, amma dattijon ya zura farce a ɗaya ya ce wannan na bushewa ne, wajen katako ya riga cikinsa bushewa, muddin tsagar ba ta ratsa zuwa ɗaya gefen ba ko ta bi ta hujin noti ba abin damuwa. Notunan ne suka buƙaci hannu. Katakon ya tsuke ya bar su sakwa-sakwa, wasu har washa na juyawa da yatsa, sai na shiga ƙarƙashi da sufana na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu mutanen gida sun taso ni da maganar rufi a kan rabin dandamalin. Na ce musu ba a kan waɗannan ginshiƙan ba. Lissafin gindinsu bai haɗa da nauyin rufi ba, balle iskar da ke shiga ƙarƙashinsa tana neman ɗaga shi sama. Idan za a yi, sai an cire falankai a wurare huɗu, a haƙa sababbin ramuka, rufin ya samu nasa ginshiƙan da za su taso tun daga ƙasa su ratsa ta tsakanin haƙarƙari.